Martani: Kifin Ado Ba Fure Ba Ne

A 'yan kwanakin nan wani marubuci ya fitar da sharhi a wata mujalla game da ajiye kifin ado a gida, kuma sharhin ya shiga ran jama'a saboda ya gaya musu abin da suke son ji. A cewarsa, ƙananan kifayen nan masu launi da ake haɗawa wuri guda don ba su da faɗa, ba su da wata ɗawainiya. A nemi tulun gilashi, a cika shi da ruwan famfo, a zuba kifi iri-iri, a watsa musu abinci safe da yamma, in mako ya zagayo a juye ruwan duka a wanke tulun tas. Na'urar tace ruwa da masu sana'ar ke kira filta, da famfon iska, da kayan gwajin ruwa, duk ya kira su dabarar 'yan kasuwa ta tatsar aljihun mutane. Ya kafa hujja da tarwaɗa, wadda ke wuni cikin baho a kasuwa da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, kuma ba ta mutu ba. Daga ƙarshe ya kwantar wa masu karatu hankali cewa kifin ado tamkar furen da aka tsinko ne, idan ya yi wata ɗaya ko biyu ya mutu ya gama aikinsa, sai a sayo wani.

Akwai gaskiya ɗaya a maganar malamin, kuma ya dace a ba shi ita tun farko. Kantuna cike suke da kwalabe da tarkacen da kifi ba ya buƙata, kuma sabon shiga yakan fito da ledar kayan da yawancinsu asarar kuɗi ne. Daga nan kuma hanya ta rabu. Wanda ya bi sauran shawarwarin daki-daki zai ga kifinsa ya mutu cikin wata biyu kamar yadda aka faɗa masa, kuma shawarwarin su ne sanadi.

Waɗannan halittu ba masu gajeren kwana ba ne. Gupi, ɗan ƙaramin kifin nan mai wutsiya kamar mafici wanda asalinsa Tirinidad ne da arewa maso gabashin Kudancin Amurka, yakan yi kimanin shekara 2. Niyon tetira, mai zanen shuɗi da ja a jiki, yakan kai shekara 5 idan ya samu kulawa. Koridoras, mai kiwo a ƙasan akwatin kifi, yana iya kaiwa shekara 10. Shi kuwa kifin zinariya, wanda ya fi kowa shan azabar tulu, a Ingila an yi wani mai suna Tish da aka samu a wurin wasan baje koli a 1956, bai mutu ba sai 1999, yana da shekara 43. Wanda zai iya shekaru irin waɗannan ya mutu a mako na shida, dole a tambayi abin da ya same shi, domin ruwa ba ya tsami banza.

Hujjar tarwaɗa ita ce ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi rauni. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta, sama da mashaƙarta, wadda ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sarari. Shi ya sa take jure taɓo da ƙarancin ruwa, shi ya sa kuma ta zama kifin da aka fi kiwo a Nijeriya. Tetira da gupi ba su da wannan gaɓa, abin da ruwa ya ba su na iska shi ne kawai rabonsu. Ko masu kiwon tarwaɗar ma, da malamin ya leƙa tafkunansu na siminti ko na tamfol, da ya tarar babban aikinsu shi ne sakin tsohon ruwa da zuba sabo. Sun san warin da ke tashi idan aka yi sakaci, sun kuma san asarar da ke biyo bayansa. Tarwaɗar da ke cikin baho a kasuwa jiran wuƙa take yi, ba wanda ya ajiye ta don ta yi shekara.

Abin da ke kashe kifi a sabon akwati ba a ganinsa da ido. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa dare da rana, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A kogi ruwa yakan tafi da ita. A cikin gilashi ba ta da wurin zuwa, sai ta taru tana ƙona mashaƙar kifin, kamar a kunna janareta a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Ruwan yana nan garau, mai gida yana kallo yana jin daɗi, alhali kifin ya fara hakin da zai kai shi. Zafi yana ƙara mata guba, haka ma yanayin ruwan: idan ma'aunin pH ya tashi daga 7 zuwa 8, kason amoniya mai guba yakan ninka kusan sau 10.

Maganinta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke manne a jikin soso da tsakuwa da bangon akwati. Kashi na farko suna mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kashi na biyu suna mayar da naitirait naitiret, wadda ke da sauƙin illa ƙwarai, tsirrai suna shan wani kaso nata, sauran kuma a rage shi da canjin ruwa. Wannan ilimi bai fito daga kanti ba. Masanin Rasha Sergei Winogradsky ne ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a 1890, yana binciken ƙasar noma, tun babu mai sayar da filta. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatunan kifi na ruwan daɗi, ƙwayoyin da ake kira Nitrospira ne ke yin mataki na biyu. Saboda haka babban aikin filta shi ne zama gidan waɗannan ƙwayoyi da kuma bi da ruwa ta kansu. Tace datti ƙaramin aikinta ne.

Ƙwayoyin suna buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da zai ɗauki nauyin kifi. Shi ya sa gogaggu ke haɗa akwati su bar shi yana aiki babu kifi, suna jefa ɗan abinci kaɗan don ƙwayoyin su samu abin ci, ko su aro tsohon soso daga akwatin da ya daɗe lafiya don a rage jira. Ba sa zuba kifi sai gwaji ya nuna amoniya sifili, naitirait sifili, sannan su fara da kaɗan su ƙara a hankali.

A nan ne shawarar wanke tulu tas ta fi yin ɓarna, kuma abin takaici ita ce ta fi kama da tsafta. Duk ranar da aka juye ruwa duka aka dirje gilashi da tsakuwa, an kashe ƙwayoyin da suka fara taruwa, an mayar da aiki ranar farko. Kifin da ke hannun mai irin wannan himma ba zai taɓa fita daga makonnin guba ba. Idan aka haɗa da omo ko sabulu, ɗan abin da ya rage a jikin tsakuwa ya isa ya lalata mashaƙar kifi. Ga kamun da ake yi masa da hannu ko kofi kowane mako, ga jefa shi cikin ruwan da zafinsa ya bambanta da wanda ya fito. Abin da ya dace ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba: a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana bin ƙasa don kwashe dattin da ya kwanta, a mayar da sabo. Soson filta kuma a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo, kada a kai shi bakin famfo.

Ruwan famfon kansa malamin ya wuce shi kamar ba komai. Hukumomin ruwa suna zuba sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, wannan alheri ne ga mutane, amma kulorin ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwayar filta, kuma yana cin mashaƙar kifi. Ajiye ruwa a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu yana sa kulorin ya fice. Inda ake amfani da ɗan'uwansa kuloramin, ajiyewa ba ta isa, sai an ɗiga maganin da ke karya shi, kuma wannan yana cikin kwalabe ƙalilan da kuɗinsu halal ne. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa ruwan burtsatse ko na rijiya suke sha. Shi babu kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani wurin da ƙarfe a ciki, don haka shi ma yana son ya kwana a bokiti ya sha iska. Rijiyar da ke kusa da masai kuwa tana iya zuwa da naitiret ɗinta tun daga tushe.

Shi kansa tulun matsala ne. Iska tana shiga ruwa ne ta samansa, tulu kuma ciki ne da shi babba, baki ƙarami. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin hucewa, yana saurin gurɓata. Birnin Rum na Italiya ya hana ajiye kifi a irin wannan tulu tun 2005. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata sabon shiga ya fara da shi. Canjin ruwansa na mako bai wuce lita 14 ba, wato rabin jarkar ɗan garuwa da ɗan ɗoriya. Sai dai a tuna kowace lita kilo ɗaya ce, teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙwari, kuma nesa da tagar da rana ke bugawa.

Sai batun haɗa kifi iri-iri, inda malamin ya ɗauka duk wanda aka ce ba shi da faɗa zai zauna da kowa. Halin kifi yana bin yawan 'yan'uwansa da faɗin wurinsa da girman maƙwabcinsa. Niyon tetira, wanda aka fara bayyana shi ga masana a 1936 daga ƙoramun yankin Amazon, a garke yake rayuwa. Masunta sun san wannan ɗabi'a a wurin kawara, wadda dangin tetira ce, kuma ita ma ba ta tafiya ita kaɗai a kogi. A sayi niyon biyu don kwalliya, sai su ɓuya a lungu, launinsu ya dushe, su daina cin abinci sosai. A sa shida ko fiye, sai su fito fili. Taiga bab na tsibirin Sumatira idan suna da yawa junansu suke kora, idan biyu ne ko uku sai su koma gutsurar wutsiyar gupi da duk wani mai dogon fiffike. Anjel yana da kyan gani da tafiyar natsuwa, ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, amma yakan kai santimita 15, kuma ranar da bakinsa ya isa haɗiye niyon zai haɗiye shi. Mazan beta na ƙasar Tailan guda biyu ba sa zama akwati ɗaya ko da wasa.

Misali mafi kusa daga gida yake. Kiribensis, wanda masana ke kira Pelvicachromis pulcher, ɗan kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru, kuma yana cikin kifayen Afirka da suka fi shahara a akwatunan duniya. Yana zama lafiya da maƙwabta har ranar da mace da namiji suka zaɓi kogo suka yi ƙwai. Daga ranar duk wanda ya matso sai sun fatattake shi. A akwati mai faɗi da duwatsu da tsirrai, sauran kifin sukan ja gefe har a gama reno. A tulu babu gefen da za a ja.

Gupi ma da ake gani kamar ba ruwansa yana da nasa lissafin. Mazan ba sa barin mace ta huta, shi ya sa ake sa mata biyu ko uku ga kowane namiji. Macen haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kusan kowane wata, kuma tana iya ajiye maniyyi ta yi haihuwa da dama daga barbara ɗaya. Akwatin da aka fara da kifi shida zai iya cika maƙil kafin shekara ta raba, don haka wasu ke ajiye maza zalla. Shi kuma kifin zinariya ɗan ruwan sanyi ne, yana wuce santimita 20, yana da yawan kashi, bai kamata ya shiga wannan taro ba sam.

Akwai kuma kifin da ake sayar wa mutane da sunan mai shara. Koridoras ba ya cin kashin kowa, abincin da ya nutse yake nema da gashin bakinsa, yana son yashi mai laushi don tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin, kuma shi ma ɗan garke ne. Fileko mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka yana ƙarami, amma yakan wuce santimita 30, kuma dattin da yake fitarwa ya fi wanda yake kwashewa. Masu gajiya da shi suna zuba shi a kogi, ga shi yau ya addabi Kogin Marikina a Filifin da madatsar ruwan Infiernillo a Meziko, inda ya cika komar masunta a madadin kifin ci. Gupi da kansa ya daɗe da zama ɗan gari a magudanan ruwan Legas. Wanda aka koya wa cewa kifi abin yarwa ne, ba zai ji komai ba ranar da ya juye shi a rafi.

Da malamin yana son ya taimaki mai karatun da ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, da ya yi magana kan zafi da wuta, domin nan ne wahalar gaskiya take, kuma ko kalma ɗaya bai ce a kansu ba. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatar iska. Niyon ya fi son digiri 20 zuwa 26. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kai digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya wuri ba gidan niyon ba ne, ko da mai kanti ya rantse. Gupi da kadinal tetira na Kogin Negro a Barazil sun fi shi jure ɗumi. Fanka da ke kaɗa saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 3, kuma ta fi jefa ƙanƙara, wadda ke sauke zafin farat ɗaya. Da hunturu kuma lamarin juyawa yake, dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, ruwa ya yi sanyi kafin asuba, kifi ya raunana, cutar fararen ɗigo ta samu ƙofa. Ƙaramar hita mai kashe kanta da ma'aunin zafi suna hana wannan. Cutar kuma yawanci da sabon kifi take shigowa, shi ya sa ake ware baƙo a wani akwati mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida.

Ɗaukewar wuta hujja ce da malamin zai iya kawowa, kuma tana da nauyi. Amsarta filtar soso, wadda famfon iska mai cin wat 2 zuwa 5 ke tuƙawa. Akwai masu aiki da batir, akwai masu aiki da fawa bank ɗin waya, ƙaramar sola ma tana ɗaukarsu. Soson yana nutse cikin akwatin, don haka ƙwayoyinsa sun fi jure tsayawar wuta a kan na rufaffiyar filta. Idan komai ya tsaya, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci, domin lafiyayyen kifi yana yin kwanaki bai ci ba. Inda wuta ba ta da tabbas, a rage yawan kifi, a ƙara tsirrai masu rai.

Abinci ma yawansa ya fi ƙarancinsa kisa: abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa, burodi da tuwo kuma ba abincinsu ba ne. Maganin sauro na feshi da na hayaƙi guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa a rufe akwatin, a kashe famfon iska, domin iskar ɗakin yake zuƙa yana turawa cikin ruwa.

Zargin da aka yi wa 'yan kasuwa ya kamata a juya shi a duba. Filtar soso da famfo sau ɗaya ake saye, su yi shekaru. Mutumin da ya yarda kifi wata biyu yake yi, zai koma kanti sau shida a shekara da kuɗi a hannu, kuma yaransa za su tashi da ganin ana kwashe gawa da cokali ana cewa ba komai. Idan akwai shawarar da ke cika aljihun mai kanti, ta malamin ce. Ga Musulmi kuwa maganar ta wuce kuɗi, domin sananne ne a ingantaccen hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da iska ko ruwa ko abinci sai wanda mai shi ya ba shi.

Ya kamata malamin ya koma shafin da ya yi wancan sharhi ya gyara, musamman batun juye ruwa duka da batun haɗa kowane kifi da kowane. Mai karatun da ya riga ya bi shi, kifinsa na cikin tulu yanzu haka, ya daina wankin tas daga yau. Ya riƙa canza sulusin ruwan kullum da wanda ya kwana a bokiti, ya rage abinci, ya nemi akwati mai faɗi da filtar soso, kuma kada ya ƙara sayen ko kifi ɗaya sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili.